Because, after ko amid: Yadda ake bayyana dalili da Turanci a rubutu kan al'amuran duniya

A cikin wata biyu kacal na shekarar 2023, abubuwa biyar sun faru a jere, kuma babu wanda bai taɓa aljihun mazaunin Mawashi da ke Ƙaramar Hukumar Kusada a Jihar Katsina ba. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a Arewa. Ranar 14 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, darajar Naira ta faɗi. Ranar 17 ga Yuli Rasha ta fice daga yarjejeniyar da ta ba jiragen ruwa damar fito da hatsin Yukiren ta Bahar Aswad. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. Ranar 30 ga Yuli kuma ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, har da ta Jibiya wadda ta haɗa Katsina da Maraɗi.

A tsakanin nan farashin hatsi ya yi ta hawa a kasuwannin Kankiya da Charanchi da Dawanau, kuma kowa yana da nasa bayanin. Idan a majalisa ne, magana ce da iska ke ɗaukewa. Amma malamin gona da zai aika rahoto sakatariya, da ɗan kasuwar da zai rubuta wa banki dalilin jinkirin biyan bashi, da ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO, duk da Turanci za su rubuta, kuma abin da aka rubuta yana nan a fayil.

A ɗauka malamin gonar ya rubuta: "Grain prices rose because of the coup in Niger." Jimlar ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya. Sai dai kalmar "because of" ta ɗora alhakin tsadar gaba ɗaya a kan juyin mulkin Nijar, ta wanke sauran abubuwa huɗun. Shugaban da ya karanta ya amince zai zauna jiran a buɗe iyaka farashi ya sauko. ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin a watan Maris, amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wannan watan sun nuna hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin 100. Ashe kalma ɗaya a rahoto tana iya kai mai yanke shawara ya baro.

Abubuwa huɗu da ake cakuɗawa

Mai rubutu kan al'amuran duniya yakan so ya faɗi ɗaya daga cikin abubuwa huɗu. Na farko shi ne sanadi, wato abin da ya haifar da wani abu. Na biyu shi ne jerin lokaci, wato abin da ya zo bayan wani ko tare da shi. Na uku shi ne hujjar da wani ya kafa, wadda tana iya zama gaskiya, tana iya zama fakewa. Na huɗu shi ne manufa, wato abin da ake son cim ma. Turancin jarida da na ofis ya ware wa kowanne nasa kalmomin, kuma gogaggen mai karatu yana lura da wadda aka zaɓa.

Bahaushe yana da kalmomin da suka bambanta waɗannan: sanadi, musabbabi, sila, hujja, uzuri, manufa. To amma a maganar yau da kullum "saboda" da "domin" suna ɗaukar kusan dukkan aikin. Wanda ya saba da haka, idan ya koma Turanci, sai ya jibga wa "because" irin wannan kaya, alhali ita sanadi kaɗai take ɗauka, kuma da ƙarfi take ɗaukarsa.

Because da danginta

Ƙa'idar farko ta ginin jimla ce. Bayan "because" dole cikakkiyar magana ta biyo, mai ɗauke da aikatau: "Transport fares rose because the government removed the subsidy." Bayan "because of" kuwa suna ne ke biyowa: "Transport fares rose because of the subsidy removal." Ma'anar ɗaya ce, kuɗin mota ya tashi saboda cire tallafi. Kuskuren da aka fi gani a takardun ofis shi ne haɗa su a karkace, kamar a rubuta "because of the government removed", wanda ba ya zama a Turanci.

"Due to" da "owing to" suna bin tsarin "because of", suna kawai suke karɓa. Ana cewa "due to the border closure", ba a cewa "due to the border was closed". Mai son ya biyo da cikakkiyar magana ya koma ga "because", wadda ta fi gajarta, ta kuma fi "due to the fact that" tsabta. Akwai kuma "thanks to", wadda ta yi daidai da "albarkacin" a Hausa. An fi sa ta ga abin alheri, kamar damina mai kyau da ta kawo yabanya. Idan aka sa ta ga masifa, mai karatu zai ji kamar gatse ake yi.

"Since" da "as" su ma suna bayyana dalili, musamman dalilin da ake zaton mai karatu ya riga ya sani. Matsalarsu ita ce fuska biyu gare su. "Since" tana nufin "tunda" ta dalili, tana kuma nufin "tun daga lokacin da". Jimlar "Since the border was closed, trade at Jibia has fallen" tana iya nufin ciniki ya ragu tunda an rufe iyaka, tana iya nufin ya ragu tun daga ranar da aka rufe. Haka "as" tana iya zama "saboda", tana iya zama "yayin da". A inda kuɗi ko hukunci ya rataya a kan ma'anar, ya fi aminci a rubuta "because" idan sanadi ake nufi, a rubuta "ever since" ko "while" idan lokaci ake nufi.

Wani kuskuren yana fitowa ne daga tsarin Hausa kanta. Bahaushe yakan ce "tunda an rufe iyaka, sai kaya suka yi tsada", ya sa alama a farkon magana da kuma tsakiyarta. Turanci alama ɗaya yake so. Ko dai a fara da "because" a bar "so", ko a sa "so" a bar "because". Haka nan masu gyaran rubutu sun fi son "the reason is that" a kan "the reason is because", domin ta biyun maimaici ne.

Idan aka fara kawo sanadi a jimla ɗaya, ana shigo da sakamakonsa a jimla ta gaba da "therefore", "consequently" ko "as a result", waɗanda suka yi daidai da "saboda haka" da "sakamakon haka". A nan akwai tagwaye biyu da ke juya magana idan aka musanya su. "Result in" tana nuni gaba, zuwa ga abin da aka haifar: "The coup resulted in sanctions." "Result from" tana nuni baya, zuwa ga tushe: "The sanctions resulted from the coup." Wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya ce takunkumi ne ya haifi juyin mulki.

Kalmomin da ba su ɗora alhaki

Duk mai bibiyar kanun labaran kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AFP zai lura cewa ba kasafai "because" ke fitowa a ciki ba. Abin da ya fi yawa shi ne "after", "following", "amid" da "in the wake of". Da gangan ake yin haka. "After" da "following" suna cewa abu ya zo bayan wani. "Amid" tana cewa ya faru a daidai lokacin da ake cikin wani hali. "In the wake of" ta ɗan fi su kusantar sanadi, amma ita ma ba ta rantse ba. Ɗan jarida yana da tabbacin abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo, alhali sau da yawa ba shi da tabbacin wanne ya haifi wanne, don haka yakan tsaya a iyakar abin da zai iya karewa.

Kanun da ya ce "Food prices climb amid Niger crisis" bai ce rikicin Nijar ne ya ɗaga farashi ba. Ya ce ana cikin rikicin farashi ya tashi. Mai fassara da ya mayar da shi "Farashin abinci ya tashi sakamakon rikicin Nijar" ya ƙara abin da marubucin bai faɗa ba. Fassarar da ta dace ita ce "a daidai lokacin da ake rikicin Nijar". Wani lokaci akwai alaƙa ta gaske, wani lokaci kuma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ɗan kasuwar da ke yanke shawarar ɓoye kaya ko fitar da su bisa kanun labari yana bukatar ya san wannan bambancin kafin ya taɓa jarinsa.

Akwai ƙaramar kalma da ke yawan fitowa a kanun labarai wadda ita dalili take nunawa, wato "over". "ECOWAS sanctions Niger over coup" yana nufin an sa takunkumin ne kan juyin mulkin. Ana amfani da ita idan wani ya ɗauki mataki a kan wani batu, kamar zanga-zanga kan tsadar rayuwa ko kiran jakada kan wata magana.

Auna nauyin sanadi

Akwai lokacin da sanadi ɗaya ne, a fili yake, kuma ana iya faɗinsa kai-tsaye. Ranar 23 ga Maris, 2021, katafaren jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya maƙale a mashigin Suwez na ƙasar Masar, ya tare hanya har kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. A nan "caused" ta zauna daram: "The grounded ship caused a six-day blockage." Da jirgin bai maƙale ba, da hanyar ba ta toshe ba. Wannan ita ce tambayar da ake gwada "caused" da "because" da ita: da a ce abu na farko bai faru ba, shin na biyun zai faru?

Mafi yawan al'amuran tattalin arziƙi ba sa tsallake wannan gwajin. Takin zamani misali ne da manomin Kusada ya sani a jikinsa. Ana yawan rubuta cewa yaƙin da Rasha ta ƙaddamar kan Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022 shi ya jawo tsadar taki. Gaskiya ne Rasha tana cikin manyan masu fitar da taki a duniya, kuma Najeriya, duk da tana yin takin yuriya a masana'antun Indorama da Dangote, daga waje take shigo da sinadarin fotash da ake haɗa NPK da shi. Sai dai farashin taki a kasuwar duniya ya fara hawa tun 2021, lokacin da iskar gas ta yi tsada, China kuma ta taƙaita fitar da nata takin. Yaƙin ya tarar da wuta tana ci, ya ƙara mata itace.

Turanci yana da aikatau na kowane mataki. "Contributed to" tana nufin abu yana da hannu, tare da wasu. "Worsened" da "exacerbated" suna nufin ya ta'azzara matsalar da ke akwai. "Fuelled" ita ce rura wuta. "Triggered" da "sparked" suna nuna abin da ya kunna fitila nan take, ko da tushen matsalar ya daɗe. "Led to" tana nuna sanadin da ya bi ta matakai kafin ya kai ga sakamako. Game da taki, jimlar da ta dace da tarihi ita ce: "The war worsened a rise in fertiliser prices that began in 2021."

Ana kuma rage ko ƙara nauyi da ƙananan kalmomi. "Partly because of" tana ba sanadi wani kaso, "mainly" da "largely" suna ba shi kaso mafi tsoka, "may have" da "is likely to have" suna nuna hasashe ne mai tushe. Wasu ma'aikata suna ganin irin waɗannan kalmomin a matsayin rauni, alhali a rahotannin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ana yawan amfani da su, domin masu rubuta su sun san za a bincika.

Hujjar da wani ya kafa

A siyasar duniya, dalilin da gwamnati ta faɗa da ainihin abin da ya motsa ta ba lallai su zama ɗaya ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ta ce fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da man fetur take son daƙilewa. Marubucin da ya ce "Nigeria closed its borders because of smuggling" ya ɗauki maganar gwamnati ya mayar da ita tasa. Wanda ya ce "Nigeria closed its borders, citing smuggling" ya faɗi hujjar, ya kuma bar ta a bakin mai ita. "Citing", "saying that" da "on the grounds that" duk wannan aikin suke yi. "Blamed on" da "attributed to" kuwa suna nuna wanda ya ɗora alhaki, ta farkon da zargi a cikinta, ta biyun ba tare da zafi ba.

Darasin da ya fi fitowa fili a kan haka shi ne mamayar Iraƙi da Amurka da Birtaniya suka jagoranta a watan Maris na 2003. Babbar hujjar da aka kafa ita ce gwamnatin Saddam Hussein ta mallaki makaman ƙare-dangi. Bayan yaƙin, masu bincike ba su samu tarin makaman ba. Wanda ya rubuta a lokacin cewa an kai harin "because Iraq had weapons of mass destruction" ya shaidi abin da bai gani ba. Wanda ya rubuta "on the grounds that" har yau jimlarsa tana tsaye.

A ɗaya gefen akwai "under the pretext of", wadda ke nufin an fake da guzuma ne a harbi karsana. Wannan kalma zargi ce kai-tsaye na cewa hujjar ƙarya ce. Ma'aikacin gwamnati da ya sa ta a takardar ofis game da wata hukuma ko wata ƙasa ya ɗauki matsayi, kuma ana iya neman ya kare shi.

Manufa dabam, sanadi dabam

"Domin" ta Hausa tana kallon baya, tana kuma kallon gaba. "An rufe iyaka domin an yi juyin mulki" sanadi ne. "An rufe iyaka domin a matsa wa sojoji lamba" manufa ce. Turanci ya raba su. Sanadi yana tafiya da "because", manufa tana tafiya da "to", "in order to" ko "so that": "ECOWAS imposed sanctions to pressure the junta into restoring Bazoum." Jimlar ta faɗi abin da aka yi niyya, ba ta ce an samu biyan bukata ba. A wannan karon ma ba a samu ba, domin ba a mayar da Bazoum kan mulki ba, kuma a watan Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar.

A kula kuma da "so" da "so that". "The border was closed, so traders used bush paths" tana nufin rufewar ce ta sa 'yan kasuwa bin ɓarauniyar hanya. Idan aka sa "so that" a wurin, maganar ta koma cewa an rufe iyakar ne da nufin su bi ta can.

Komawa ga rahoton malamin gona

Da waɗannan kalmomin a hannu, malamin gonar zai iya sake rubuta jimlarsa ta yadda kowane abu zai samu gurbinsa. Tsadar mai ta shiga kuɗin dakon kowane buhu daga gona zuwa kasuwa, don haka tana iya ɗaukar "because of". Faɗuwar Naira ta ƙara kuɗin taki da maganin feshi, ta cancanci "contributed to". Rashin tsaro da ya hana noma a wasu yankunan Batsari da Safana da Faskari ya girmi duk abubuwan 2023, wurinsa yana cikin tushen matsalar. Rufe iyakar Nijar ya zo a kan waɗannan, kalmarsa ita ce "worsened" ko kuma "amid", gwargwadon shaidar da ke hannunsa. Ficewar Rasha daga yarjejeniyar hatsi ta fi shafar alkama da masarar kasuwar duniya fiye da geron Kusada, ba dole ne ta shiga rahoton ba.

Sabuwar jimlar za ta iya zama: "Grain prices rose mainly because of higher transport costs, while the weaker naira and insecurity also contributed, traders blamed the Niger border closure for worsening the situation." Ta fi ta farko tsawo, amma shugaban da ya karanta ta zai gane cewa buɗe iyakar Jibiya kaɗai ba zai sauko da farashin kwanon gero ba, zai kuma san wanne bayani na malamin gonar ne, wanne na 'yan kasuwa.